Shatin Hannu a Bangon Umma

Har yau in ta tuna ranar da ta fara ganinsa sai ta yi murmushi ita kaɗai. A shagon labule ne. Ta je zaɓo wa wata kwastoma yadi, sai ga wani dogon saurayi tsaye da yadi biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ƙura musu ido kamar mai warware lissafi. Dukansu ruwan toka ne.

"Malam, wane ɗaki ne ya yi maka laifi haka?" ta ce, kafin ta ankara maganar ta fita.

Ya juyo yana dariya. "Falon mahaifiyata. Na ga wannan kalar ba ta nuna datti."

"Ba ta nuna farin ciki ma."

Ita ta zaɓa masa labule mai ruwan zuma, shi kuma ya karɓi lambarta, wai ko labulen zai ba shi matsala. Labule bai taɓa ba shi matsala ba, amma kullum sai ya kira. Ashe da gaske malamin lissafi ne, kuma ɗan ƙaramin gidansu, kowa Auta yake ce masa. Shi ya raɗa mata Mai Labule, sunan ya bi ta har cikin danginsa.

Sana'arta ke nan, tsara ɗakuna. Ta san inda za ta rataye madubi ƙaramin ɗaki ya yi faɗi, ta san fentin da ke sanyaya falo mai zafi. Shi ya sa duk sanda ta je gaida Umma, mahaifiyar Auta, sai hannunta ya riƙa ƙaiƙayi. Kujeru a jere jikin bango kamar ɗakin jiran likita. Tsakiyar falo fayau, ba kafet ba tebur. Doguwar fitila mai ɗaukar ido a kunne ko da rana tsaka. Ga wata dauɗa da ta ja layi a bango, daga ƙofar ɗakin Umma har bakin kicin.

Bayan an sa ranar bikinsu, Umma ta tafi kwana biyu gidan babbar 'yarta, wadda suke kira Yaya, wadda tun rasuwar mahaifinsu maganarta ce gaba a gidan.

"Ba ni makulli," Mai Labule ta ce wa Auta. "So nake Umma ta dawo ta kasa gane falonta."

Ya sosa ƙeya. "Kin san Umma fa, ko kofi ka matsar sai ta yi magana."

"Don ba ta ga yadda zai koma ba ne. Haba malam, kyautata ce ta farko gare ta."

Ya miƙa mata makullin. Da ma bai iya musu da ita ba.

Ta zuba duk abin da ta iya. Aka shafe bango da fenti mai ruwan madara. Ta jawo kujeru tsakiya suna fuskantar juna, ta shimfiɗa kafet mai laushi kalar tayil ɗin, ta ɗora tebur na gilashi garai-garai, har ba ka gane yana nan sai ka lura. Ta cire doguwar fitilar, ta sa ƙanana masu haske a lumshe. Da ta gama Auta ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kai, Mai Labule, anya ba za mu tare nan ba?"

Ranar da Yaya ta dawo da Umma, suna tsaye suna jira kamar yara. Umma ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe ba ta shigo ba.

"Umma, ya yi miki?" Mai Labule ta tambaya cikin ɗoki.

"Allah ya yi albarka," Umma ta ce a hankali.

Ta ɗaga ƙafa ta nufi ɗakinta kai tsaye. Gefen kafet ya harɗe ta, ƙwaurinta ya daki bakin teburin, ta tafi ƙasa. Kafin su kai gare ta jini ya ɓata zanenta.

"Wa ya sa ki?" Yaya ta ce tana ɗaure ciwon, ko kallon Mai Labule ba ta yi. "Ba ki shigo ba kin fara juya mana gida. In kin shigo kuma sai mu za ki kwashe ki jingine a lungu?"

"Yaya, ni na ba ta makulli—"

"Kai yi min shiru, Auta. Maganar bikin nan a dakata, sai na ga wace irin yarinya za ka kawo mana."

Mai Labule ta kalli Umma ko za ta ce wani abu. Umma ta sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi maganar Yaya ciwo.

A gida ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mama, mahaifiyarta, ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta zauna gefen gado.

"Ke da kike cewa ba kya taɓa ɗakin kwastoma sai kin zauna kin ga yadda yake rayuwa a ciki, ita kin zauna?"

"Na ɗauka na san ta, Mama."

"Kin ɗauka dai."

Mai Labule ta jawo waya ta buɗe hotunan da ta ɗauka kafin ta fara aikin, kamar yadda take yi a kowane gida. Ta tsaya a kan dauɗar bangon, ta faɗaɗa hoton. Layin daidai tsayin hannu yake. Ya katse a bakin taga, ya ci gaba a ɗaya gefen, kuma a kusurwa, inda mutum zai juya, shatin yatsu ne ƙarara. Sai ta tuna ko a gabanta ta tsaya Umma ba ta kiran sunanta sai ta yi sallama. Ta tuna fitilar da ba a kashewa. Ta dafe baki, wani sabon kukan ya zo mata.

Washegari da hantsi ta koma gidan Umma. Ta tarar da Umma ita kaɗai a ƙuryar ɗaki, ashe tun da ta faɗi ba ta ƙara fitowa falo ba. Ta durƙusa ta kama ƙafarta mai bandeji.

"Umma, tun yaushe idon?"

Umma ta ce, "Wa ya gaya miki?"

"Bangon da na shafe."

Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya. "Ya daɗe. Hazo-hazo nake gani. In yayarku ta sani, ranar za ta kwashe ni zuwa gidanta, ni kuwa nan na zauna da mahaifinsu, nan na sani. Da hannuna da ƙafata nake ganin falon nan, 'yata. Ya yi kyau, na ji ana faɗa. Amma kin kwashe min hanya."

"Ki yafe ni, Umma."

"Na yafe. Ke ma ki rufa min asiri."

Mai Labule ta san kalma ɗaya za ta faɗa wa Yaya a gane ba rashin tarbiyya ne ya kada Umma ba, a ci gaba da shirin biki. Ta haɗiye kalmar.

"Ba za su ji daga bakina ba. Amma ki bar ni in mayar miki da hanyarki."

Wannan karon da Umma suka yi aikin. Umma na zaune tana cewa, "A'a, waccan kujerar ta fi kusa da taga," ita tana turawa. Ta naɗe kafet, ta fitar da teburin gilashi, ta mayar da doguwar fitila ta ƙara wata a hanyar kicin. Ta sa aka yi wa bakin ƙofofi fenti mai duhu don su fito daga jikin bango, ta jera filo masu kalar lemo a kan kujeru. Sannan ta sa kafinta ya kafa siririn katako mai santsi a bango, daidai inda layin nan yake, ta rataye ƙananan firem na hotuna a samansa ya zama kamar ado.

Yaya ta zo ta gani ta taɓe baki. "Yau kuma ajin 'yan makarantar nazire aka mayar mana? Wannan katakon fa, shanya za a yi?"

"Yayi ne, Yaya," ta ce, ta ci gaba da goge katakon.

Auta ya tare ta a bakin mota, duk ya rame. "Akwai abin da kike ɓoye min. Gaya min, ko na samu abin da zan kare ki da shi wajen Yaya."

"Ba nawa ba ne da zan ba ka. Ka yarda da ni?"

Ya daɗe yana kallonta. "Tun a shagon labule."

Haka ta yi ta zuwa. Yaya ta yi habaici ta shanye, dangi suka yi ta tambayar me ya tsayar da biki, ta ce sai dai addu'a. Ranar nan suna falo gaba ɗaya, Yaya ta sake cewa ita fa har yanzu ba ta ga dalilin gaggawa ba. Sai Umma ta miƙe, ta ɗora hannu a kan katakon, ta bi shi har kicin, ta dawo da kofin shayi ko ɗigo bai zuba ba. Ta zauna.

"Babba, wannan katakon da kike wa dariya idona ne. Ba na gani sosai, na daɗe ina ɓoye muku. Yarinyar nan ta gane, na ce ta rufa min asiri, ta gwammace ki ci mutuncinta da ta tona ni. Ke da kika fito daga cikina ba ki lura ba, ba kuma laifinki ba ne, ni na iya ɓoyo."

Yaya ta zame daga kujera ta kifa kai a cinyar Umma tana kuka. Auta ya juya baya yana share fuska da hannun riga. Da Yaya ta ɗago, sai ta miƙa wa Mai Labule hannu.

"Zo nan, ƙanwata. Na zalunce ki."

"Ni na fara ɓatawa, Yaya."

Likita ya ce yanar ido ce, kuma aikin tiyata zai taimaka. Aka tsayar da ranar aikin, aka mayar da ranar biki. Mai Labule ta koyi abin da ba a koya mata a sana'a ba: kyautar da ba a tambayi mai ita ba tana iya zama cuta, kuma wanda ya riƙe amanar babba ya yi haƙuri, bakin babban ne zai wanke shi.

Saura magana ɗaya, wadda Umma ke tsoro. Yaya ta ce gara dai a mayar da Umma gidanta, a nan wa zai kula da ita? Umma ta damƙe hannun kujera. Mai Labule ta kalli Auta, ya gyaɗa mata kai. Ta daɗe da ƙudurta abin a ranta, ba ta taɓa samun bakin faɗa ba. Ta matsa ta riƙe hannun Umma.

"Yaya, ki bar mana ita. Ni da Auta nan za mu zauna. Umma, na yi miki alkawari a gaban 'ya'yanki: ko idon ya buɗe ko bai buɗe ba, ba mai ɗaga ki daga ɗakinki muddin ina numfashi."