Nonon da Aka Zubar

Ko rabin kofi bai kai ba, amma tun hantsi matar wani kafinta take tatsar nononta, tana cije leɓe saboda ɗinkin tiyata. 'Yarta bakwaini tana asibiti cikin kwalba, ba ta iya kama nono, sai a ɗura mata ta siririn tiyo. Ita an sallame ta, jiki bai yarda da zirga-zirga ba, don haka mijinta ke kai nonon a mashin.

Ta rufe kofin ta shiga banɗaki. Da ta fito, sai ga surukarta a bakin famfo tana ɗauraye shi.

"Inna! Ina nonon?"

"Na zubar. Na ga yarinyar nan da idona, ko tafin hannuna ba ta cika ba. Ba mai zama ba ce. Kin hana ɗana buɗe shago, kin mai da shi ɗan aike!"

Matar kafinta ta sulale ƙasa ta fashe da kuka. A haka kafinta ya shigo, fulas ɗin ƙanƙara a hannu. Kallo ɗaya ya yi wa kofin ya gane. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Amma abincin mara lafiya kika zubar. Likita bai ce ta mutu ba, nas ba ta ce ba. Ke wa ya gaya miki?"

"Kafin in haife ka na haifi irinta," in ji Inna. "Na sa rai, na binne."

"Allah ya sa mai ceto ce. Amma tawa tana numfashi, Inna."

Ya koma kusa da matarsa. "Sake gwadawa, Gimbiya. Ko cokali ɗaya ne zan kai."

"Ya ƙafe — wallahi ba ya zuwa!"

Ya ciro waya ya kunna mata bidiyon da ya ɗauka jiya: ga 'yar mitsitsiya tana harba ƙafa.

"Dubi rigima! Wa ta biyo in ba ke ba?"

Ta yi dariya cikin hawaye, sai ga nono ya tsatso.

Dangi suka yi masa ca. Yayyensa suka sa masa suna mijin-ta-ce, wai ya fifita mace a kan uwa. Bai fasa gai da Inna kowace safiya ba, bai kuma fasa hawa mashin ba. Sannu a hankali nauyin jaririyar ya fara ƙaruwa a sikeli, aka cire tiyo, aka ba su 'yarsu.

Ranar da aka dawo da ita, Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki ta kasa shiga.

"'Yata, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Matar kafinta ta tashi ta ɗora mata jaririyar a hannu. Inna ta daɗe tana kallonta.

"Ke, mai taurin kai! Ashe kin ji ni, kika ƙi tafiya?"

Inna ta sauke nauyinta. Yayyen da suka yi zagi kuwa har yau ba su zo ba, kuma bai kamata a lulluɓe musu da sunan zumunci ba: su zo su ba da haƙuri a gaban waɗanda suka ji zagin. Bakwaini mutum ne. Muddin yana numfashi, babu wanda aka ba ikon binne shi da baki.