Takardar da Sai Ita Za Ta Sa wa Hannu

Matan layin kan ce Mai Kitso ba ta da baki, kunne kawai gare ta. Ka zauna gabanta awa uku ka zazzage cikinka, ba za ka ji zancen a waje ba. Mahaifinta kuwa cewa yake tun tana yarinya ba ta taɓa musa masa ba.

A shagonta Mai Gilashi ya fara ganinta, ranar da ya zo kafa madubi. Sau huɗu yana dawowa wai ya karkace.

"Malam, madubin nan lafiyarsa ƙalau," ta ce.

"Ni ne ba lafiya, Ƴar Tsinke."

Sunan ya bi ta. Kafin shekara an sa rana.

Saura wata biyu biki aka gano tana da kansar mama. Aka cire ƙullun, amma likita ta ce cutar ta taɓa kaluluwa biyu a hammatarta ta dama. Yadda aka saba, a kwashe sauran duka, kuma hannu kan kumbura bayan haka, wani lokacin har abada. Akwai bincike da ake gwada ko haska wurin da na'ura zai wadatar. In ta shiga, kwamfuta ce za ta jefa ta ɗaya daga cikin biyun, yanka ko haske. Aka ba ta takardar amincewa da kwana goma ta yi shawara.

Kwana goman nan falonsu ya yi mata ƙunci. Baba ya ce ba a caca da ƴarsa. Uwar Mai Gilashi ta zo dubiya da ƴar ƙanwarta an ci ado, tana ta kallon hannun. Ita dai tana saurare, takardar na ƙarƙashin filo.

Rana ta shida saƙon Mai Gilashi ya shigo: "Ƴar Tsinke, share hawayenki. Nas ɗin da ke kula da binciken na san ta, ni na sa musu tagogi. Na yi magana, haske za a ba ki. Sa hannu kawai."

Da saƙon ta lallashi Baba har ya yarda.

A ofishin asibiti, biro na hannunta, ta yi wa nas godiyar alfarma. Nas ta cire tabarau.

"Wace alfarma, ƙanwata? Ya roƙe ni, na ce za mu gani don ya bar min ƙofa. Ko likita ba ta da iko. In don wannan za ki sa hannu, ajiye biron."

Ta ajiye. Ashe shi ma zaɓar mata ya yi.

Saƙonninsa suka yi ta zuwa. "Kin ci abinci?" "Don ke na yi." Tana gani ta kife wayar.

Rana ta goma ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba alfarma. In na ƙi, yankan ne tabbas. In na shiga, wataƙila. Ko yaya ta faɗo, wata mace za ta amfana. Zan shiga."

Ya dafa kanta. "Yau ke ce da musu? Allah Ya yi miki albarka."

Kwamfuta ta zaɓi yanka.

Uwar Mai Gilashi ta ce a fasa auren. Shi kuwa ya ce ko kwana ɗaya ba zai ƙara a kan kwanakin jinyar da likita ta ɗiba mata ba. Mai Kitso ta yarda aka ɗaura, don tana sonsa, sai dai abin da ya yi mata na nan a ranta.

Sati guda da tarewa, da hantsi, ya same ta tana fuskantar bango, tana hawa da yatsu sama kamar yadda aka koya mata a asibiti. Hannun ya tsaya daidai kafaɗa. Ya miƙo nasa zai ɗaga mata.

"Bari," ta ce.

Ya janye. Ya tsaya yana kallo har ta ƙara taki ɗaya da kanta, gumi na zuba.

"Na yi miki alkawarin abin da ba nawa ba," ya ce. "Ban ko tambaye ki me kike so ba. Na yi kuskure, matata. Ki yafe min."