Ba Sa Ɗaukar Mai Aure

"Ke Kofur! Sauko daga kan ƙarfen nan, baƙi na hanya!" Umma ce ta ƙwala mata kira daga ƙofar kicin.

Kofur ta saki ƙarfen ta diro, tafukan hannunta sun yi jajir. Tun tana ƙarama take jera ƙannenta a tsakar gida tana musu faret da tsintsiya a kafaɗa, shi ne sunan ya bi ta har ajin ƙarshe na sakandare. Yanzu kuwa wasa ya zama gaske, don ta ci jarrabawar shiga makarantar horar da hafsoshin soja, saura gwajin jiki da intabiyu. Masu nema kamar ƙasa, 'yan kaɗan ake ɗauka, gurbin mata kuma bai taka kara ya karya ba.

Ƙarfen da take lilo a kai don motsa jiki, Injiniya ne ya haɗa mata shi. Mai walda ne a bakin titinsu, kuma duk unguwar an san shi ke sonta. Kullum da sassafe yana bin ta a kan keke tana gudu, gorar ruwa a hannunsa, bakinsa ba ya shiru.

"Haka za ki tsare mana ƙasa, kina haki kamar tsohon janareta?"

Baƙin ranar, mahaifiyarsa ce da baffansa. Kofur ta kai musu ruwa, tana dawowa ta tsaya a bayan labule, ta ji Mama, mahaifiyar Injiniya, tana magana cikin lallausar murya.

"A ɗaura auren kawai kafin ta tafi, ba sai ta tare ba. In ta gama, sai a yi biki a tsanake."

Baban Kofur direban bas ne, mutum mai magana ɗaya, ga shi yana ji da yaron. Ko shawara bai tsaya yi ba.

"Na ba ku! Ai wannan ma ya fi mini kwanciyar hankali. Ƙarshen wata ya yi."

Saura ƙiris tiren ya suɓuce mata. Baƙi na fita ta durƙusa a gabansa, hawaye na zuba.

"Baba, ba sa ɗaukar mai aure! Dokarsu ce. Ko an ɗauke ka, ba ka da izinin yi sai ka gama horon."

Baba ya cire hula ya ajiye a gwiwa. "To me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Wa ya tambaye ni, Baba?"

"Na riga na yi magana a gaban manya. Ni ba zan bi mutane gida in ce na fasa ba, ban taɓa yi ba. Sai dai su da suka nema su janye da kansu."

Da yamma ta tarar da Injiniya a shago yana gyaran wata ƙofa. Ya ɗaga gilashin fuskarsa yana washe baki, sai da ya ga idonta murmushin ya ɓace. Ta zayyana masa komai.

"Shi ke nan matsalar?" in ji shi. "In sun tambaye ki a intabiyu, ki ce ba ki da aure. Wa zai bi diddigi?"

"Wato ranar da zan ɗaga hannu in yi rantsuwa, da ƙarya zan fara? In kuma asiri ya tonu a kore ni a gaban kowa fa?"

"Kofur, can ɗin cike yake da samari masu tauraro a kafaɗa. Kina ganin za ki dawo ki kalli mai walda?"

"Haba! Ni ka faɗa wa haka? Ni?"

Ya mayar da gilashinsa ya koma kan aikinsa. Abin ya soke ta har zuciya, don ba ta taɓa zaton yana shakkar ta ba.

Washegari ta daure ta je gaishe da Mama, a zatonta rashin sanin dokar ne ya jawo. Injiniya na zaune a gefe yana karyawa. Mama ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta gyara zama.

"Na san dokar, 'yar nan. Saboda ita ma na je."

Cokalin Injiniya ya tsaya a hanya. "Mama—kin sani?"

"Na sani! Ɗa ɗaya Allah ya bar mini. Ba zan zuba ido ya tsufa yana jira ba, a ƙarshe kuma wata rana a kira mu a waya a ce ta faɗi a daji. A ɗaura, su mayar mana da ita gida, kowa ya huta!"

Kofur ta so ta ji haushinta, amma tausayi ya hana. Ta yi sallama ta fita, Injiniya bai bi ta ba.

Daga ranar keke ya daina zuwa. Ita kaɗai take gudunta, ba mai miƙo ruwa, ba mai tsokana. Abinci ya fita ranta, karatu ya ƙi zama a kai. Ga ƙarshen wata na matsowa, ga intabiyu a bayansa. Wata safiya tana jan jikinta a kan ƙarfen, sai gefe ɗaya ya ɓalle daga inda aka liƙa shi, ta faɗo tim! Ta zauna a nan ta fashe da kuka, ba don zafin faɗuwar ba.

Umma ta zo ta ɗago ta. "Yanzu me kika yanke?"

"Ba zan kunyata Baba ba, Umma, kuma ba zan yi ƙarya ba. In an ɗaura, zan je in faɗa musu gaskiya, su sallame ni in dawo."

"Ki yi haƙuri. Allah na ganin ki."

Ana jibi ɗaurin aure, ta dawo daga makaranta ta ji ƙarar injin walda a tsakar gidansu. Injiniya ne a kan tsani, tartsatsi na zuba, baffansa kuma yana fitowa daga falo tare da Baba. Fuskar Baba a sake, rabon da ta gan shi haka har ta manta.

Injiniya ya sauko yana sosa ƙeya. "Mun janye. Na faɗa wa Mama ba zan fara zama da ke da cuta ba. Ta yi kuka, ni ma na yi, har yanzu ba ta amsa gaisuwata sosai. Sori, Kofur, tsoro ne ya rufe mini ido."

"Shekaru ne fa, ba watanni ba. Kuma ba lallai ma su ɗauke ni ba."

"Na sani. Hau ki gwada, na ƙara masa tsawo—lalacin ya isa haka!"

Ta yi tsalle ta kama ƙarfen tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ranar intabiyu wani hafsa mai furfura ya dube ta ya ce, "Kina da aure?" Ta kalle shi ido cikin ido ta ce babu, zuciyarta ko ɗar. Aka ɗauke ta.

Shekarun suka yi tsawo, an sha kewa, an sha surutun mutane, amma ba wanda ya saki wani. Ranar da aka yaye su, wata tsohuwa ce ta fi kowa tafi a cikin rumfa, tana zungurar na kusa da ita tana nuna layin faret.

"Kin ga ta ukun can? Surukata ce!"

Wanda duk yake son ka don Allah ba zai ɗaure ka don tsoron kada ka kuɓuce masa ba, zai jira ka ne. Da Kofur ta yi ƙarya, ko ta bijire wa mahaifinta, da ɗayan biyun ta rasa. Ta riƙe gaskiya ta yi haƙuri, Allah ya haɗa mata duka.