Gashin Doki a Tafin Balki

A Babbar Kasuwar Yamai kowa da abin da yake faɗa a kan Mutari. Teloli suka ce yaro ne mai ladabi, sai dai boko ya ɗan taɓa shi. Masu tuyar ƙosai suka ce wane lafiyayye ne zai riƙa yawo da gashin wutsiyar doki a gwangwani? 'Yan garinsu Tawa kuwa cewa suke, in ya sa abu a gaba sai ya ga ƙarshensa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Mutari yana aiki a gidan likita da wani lokotoro, wato likita, mai binciken yadda fatar mutum take jin taɓi. Sun auna hannuwan masu kuturta da yawa, yanzu na masu lafiya suke nema don su kwatanta. Mutum zai rufe ido, a taɓa shi da siririn gashi, ko da ƙarfe mai tsini biyu, ya faɗi ko ɗaya ya ji ko biyu.

Ranar da ya tsaya a rumfar Alhaji Umaru mai atamfa, Alhajin ba ya nan. 'Yarsa Balki ce take tsaro.

"Mushe, kai ne mai gashin dokin?" in ji ta, tana kiransa yadda ake kiran 'yan boko. "To auna ni."

Ta shimfiɗa tafinta a kan turmin atamfa, ta rufe ido.

"Na ji."

"Ban ma taɓa ba tukuna."

"Rawar hannunka na ji."

Mutari ya yi murmushi, ya auna ta. Bayan sati sai ga shi a ƙofar gidan su Balki a unguwar Yantala. Tana kiransa Mai Gashina, yana kiranta Balkin Yatsu.

Amma Hamisu direban kamyo, babbar motar kaya, wanda ya daɗe yana neman Balki tana kauce masa, ya ga awon da idonsa. Ya bi rumfuna yana cewa, "Ai haka ake gane kuturta. Me ya sa ita aka auna?" Nan da nan mata suka daina karɓar atamfa daga hannunta, sai ta ajiye su ɗauka.

Mutari ya je ya durƙusa gaban Alhaji, ya miƙa hannu biyu. Alhaji ya cusa nasa cikin riga.

"Hannun da yake wuni cikin kutare? Ka ɓata sunan 'yata, kuma ka zo nemanta. Kada in ƙara ganinka a Yantala."

Washegari Gwaggo Aisa, ƙanwar Alhaji, ta same shi a wurin aiki. "Balki ta ce in faɗa maka: 'Mai Gashina, kada ka rame. Ka zo rumfa gobe da hantsi da gwangwaninka. Sauran aikin nawa ne.'"

Balki ta san ubanta. Abin alfaharinsa shi ne yana bambance shadda ta gaske da ta jabu ido a rufe. Da Mutari ya iso, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Baba, teloli suna cewa duk Yamai ba yatsun da suka kai nasu ji. Wai masu atamfa ido kawai gare su."

"Su wa? Masu allura?" Alhaji ya naɗe hannun riga. "Kai, zo ka auna. Amma da ƙarfen kawai, kada fatarka ta taɓa ni."

Aka taru. Mutari yana matse tsinin nan biyu, Alhaji yana cewa, "Biyu." Ya ƙara matsewa har da ƙyar ido yake raba su.

"Biyu ne, yaro."

"Baba, tun da na fara aikin nan ban ga irin yatsunka ba," in ji Mutari. "Sai na Balki."

Kasuwa ta ɗauki sowa, kowa yana miƙo hannu. Aka ingizo Hamisu gaba. Sitiyari ya sa tafinsa ya yi kanta, aka buɗe ƙarfen sosai yana ta cewa, "Ɗaya."

"Af! Ashe kai ne mai kuturtar?" in ji Gwaggo Aisa.

Mutari ya tsai da dariyar. "Lafiyarsa lau, kanta ce. Masu ciwon ma ba abin dariya ba ne. Akwai magani, suna warkewa, kuma kullum ina gaisawa da su."

Kafin la'asar mata sun koma karɓar atamfa daga hannun Balki. Alhaji kuwa ya aika wa iyayen Mutari a Tawa cewa su turo.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Da aka shafa fatiha, ana ta Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya, Mutari ya zo ya durƙusa, hannuwansa a kan gwiwa. Alhaji ya kamo na daman da hannu biyu, ya riƙe, ya ɗaga murya har matan da suke cikin gida suka ji.

"Mutari, na ƙi wannan hannun ranar da ka miƙo mini shi. Ban kyauta ba. Ka yafe mini, ɗana."