Masana'antar Yumɓu

Manaja yana da na'urar da ke zana masa aikin masana'antar sabulunsa a allon kwamfuta, tun daga tukunyar dafawa har ɗaurin kwali. Duk inda aka yi jinkiri, sai wurin ya yi ja. Da wani ne, da ya gode wa Allah. Shi kuwa haushi yake ji, wai allon gani kawai yake yi, ba ya tilasta wa kowa.

Sai ya tafi wurin boka.

Ɗakin ba taga, sai ƙarnin jini da hayaƙi. A kan wani faffaɗan tire bokan ya gina masana'antar da yumɓu. Kowane ma'aikaci aka yi masa ɗan gunki, aka kwaɓa da tsumman da ya share gumi da shi.

Boka ya ce, "Yadda ka jera su nan, haka za su tsaya can."

"Me zan biya?"

"Ba komai. Amma gurbi ba ya zama babu kowa."

Manaja ya yi dariya. "Masu neman aiki ai sun yi yawa, malam." Ya ɗauki tiren ya kai gida.

Daga ranar ba wanda ya ƙara makara, ba mai cewa ya gaji. Dukiya ta shigo kamar ruwa. Amma yumɓu bushewa yake yi. Gunkin mai yanka sabulu ya tsage, mutumin ya faɗi matacce a bakin injinsa. Wasu suka biyo baya. Labari ya bazu, kowa ya ƙi aikin.

Sai tiren ya fara cike gurbi da kansa, da gumakan mutanen gidan Manaja. Ƙanen Manaja ya tsaya tsakiyar falo yana juya tukunyar da babu ita, har zuciyarsa ta buga. Matar Manaja tana yanka iska, ba ci ba sha.

Sannan aka zo kan Auta, 'yarsa. Tana ta naɗe kwalin da ba a gani, yatsunta sun kumbura.

"Baba, na gaji. Ka ce in huta."

Manaja ya ruga ya ɗaga gunkinta daga tiren. Nan take numfashinta ya ɗauke. Ya mayar, ta ci gaba da naɗi tana kuka.

Masana'antar ta zama kango tuntuni. Kai mai kwaɗayin juya bayin Allah kamar kayan aiki, ka ji tsoron ranar da za a juya naka. Manaja yana nan a ɗaki, ya rame, yana yayyafa wa ɗan gunkin ruwa kada ya tsage, Auta kuwa tana kiransa daga falo.