Furen da Aka Kashe a Wayar Wasila

Ƙarfe biyu da rabi na rana Sufeto Abdulshakur ya iso unguwar Gidan Igwai. Ya tarar da matasa sun kewaye wani mutum a ƙofar gida suna zuba masa gora. Kansa ya fashe, haƙori ɗaya yana cikin ƙasa.

"Shi yak kashe ta!" in ji su.

Sai da kuratan 'yan sanda suka harba bindiga sama sannan aka janye shi. Sunansa Muntari, mijin Wasila mai lalle. Rigarsa jina-jina.

A tsakar gida Wasila tana kwance. An buge ta da taɓarya a ƙeya, ba sau ɗaya ba. Jini ya gangara har bakin rariya. Sabon zanen lalle yana hannunta na hagu.

"Na dawo daga kasuwa na iske ta haka," Muntari ya ce da kumburarren baki. "Rungume ta na yi, yallaɓai."

Yayanta Illo, mai fasa dutse a Kalambaina, yana gefe yana kuka da ƙarfi.

"Na zo da safe," ya ce. "Sha ɗaya na tafi aiki. Ku duba wayatta, ƙarfe ɗaya ta sa hoton lalle, duniya ta gani. Lokacin ni ina Kalambaina."

An sami wayar a ƙarƙashin tabarma. Hoton yana nan, an ɗora shi ƙarfe ɗaya daidai. Idan haka ne, tana raye bayan tafiyar Illo, igiya ta hau wuyan Muntari.

Sufeto ya kira maƙwabciyarta Shamsiyya, wadda suke zane tare. Ta kalli hoton, ta girgiza kai.

"Wanga ba ɗaukar Wasila ba ce."

"Ta yaya kika sani?"

"Matan aure muke yi wa lalle, yallaɓai. Ba a nuna ɗaki, ba a nuna jiki. Sai ta kai wayar dab da fata, wani ɗan fure mai ruwan ɗorawa ya fito, kyamarar ta koma ɗaukar kusa da kanta. Zanen kawai ake gani. Ko ni ba ta bari in taɓa furen nan."

Sufeto ya buɗe kyamarar, ya kai ta kusa da tafinsa. Furen ya fito, amma da layi a kansa. An kashe shi. Tafin ya yi dishi-dishi, sai da ya ja baya sannan ya fito sarai.

Ya koma kan hoton. Daga nesa aka ɗauke shi. Hannun yana yashe a ƙasa, yatsu a sake. Ya faɗaɗa kusurwar ƙasa da yatsu biyu. Ga babban yatsan ƙafa cikin silifa, fari fat da garin dutse, farcen a tsage baƙi.

Ya ɗaga kai a hankali.

"Malam Illo, miƙo ƙafarka ta dama."

Kukan ya tsaya. Illo ya zabura ya yi zaure, ya kai wa kurtu gwiwar hannu a hanci. Jini ya ɓalle. Na biyu ya taɗe shi, fuskarsa ta daki dakali. Aka danne shi, aka juyo ƙafar. Farcen ne.

"Fadamar babanmu ta Wamakko," ya ce yana tofar da jini. "Na samu mai saye, ta ce ko gawarta ba za ta sa hannu ba."

"Hoton fa?"

"Bayan ta faɗi na ɗauka. Na tafi da wayar, na ɗora shi a wurin aiki. Da aka taru na dawo na tura ta ƙarƙashin tabarma."

"Me ya sa ka kashe furen?"

"Hoton yana ta tsalle, ya matso ya koma. Na danna abin don ya tsaya. Sai ya ƙi fitowa, na ja baya."

"Ka ja baya har ka ɗauki kanka."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi cikin motar 'yan sanda. Matasan da ke ƙofa suka yar da gororinsu, babu mai iya kallon Muntari. Shi ko kallon motar bai yi ba. Ya cire rigarsa ta sama, ya rufe hannun matarsa.