Zoben da Ke Kan Haladu

Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta gama kewaya kan Malam Haladu, sai hoton ya tsaya a iska a tsakiyar ɗakin yana juyawa a hankali. Can gefen hagu ga wani farin zobe, tsakiyarsa baƙi ƙirin.

Haladu tafinta ne a tashar jiragen sama ta Birnin Tsauni, farfaɗiya ce ta kayar da shi a bakin aiki. Matarsa Barira ta matse hannunsa.

"Likita, ciwon daji ne?" in ji ta.

"Ba lallai ba ne, Hajiya," Likita Lawisa ta amsa. Ta yi musu bayani cewa irin wannan zobe yakan nuna jiki ya kewaye wani abu da katanga. Yana iya zama ƙurji mai mugunya, ko tarin fuka da ya hau kai, ko ƙwan tsutsar ciki, ko cutar da ake ɗauka daga kashin kyanwa. Daji ma yakan fito haka. Hoto kaɗai ba ya raba gardama.

Sai ta tura ɗan-leƙe ta jijiyar wuyansa, wata na'ura da ba ta kai ƙwayar gero ba. Da ya isa zoben, likita ta yi murmushi.

"Ba daji ba ne, Malam. Ƙwayar na'urar nan ce mai ɗauke da harsunan waje, da aka dasa maka don aikin tafinta. Jikinka ya ƙi ta, ya tara mata mugunya. Idan muka cire, muka ba ka magani, ka warke. Sai dai harsunan duk za su tafi."

Barira ta rangaɗa guɗa har ma'aikatan jinya suka leƙo.

"Hausa za ta zauna?" Haladu ya tambaya.

"Wannan ba mu muka dasa ta ba."

Da ya farfaɗo bayan aikin, abin da ya fara nema shi ne fura da nono. Barira tana dama masa tana dariya.

"Ko ba komai yanzu zan riƙa jin abin da kake faɗa cikin barci, maigida. Na gaji da Sinanci."

Lawisa ta bar su suna raha, ta fito baranda. Ƙasa, mutane na ta kai-komo, kusan rabinsu da irin wannan dashe. Ta kai hannu bayan kunnenta, inda tata ƙwayar take, wadda ke ɗauke da duk likitancin da ta sani.